Abin da na yanke daga hoton tsuntsuwar nan

1/ Jama'a, hoton tsuntsuwar da na ɗora ranar Lahadi, wanda kuka yi ta cewa "tubarkalla, wannan daji ko hannun ɗan Adam bai taɓa shi ba", akwai magana a kansa. Na yanke wani abu daga gefen hoton, kuma tun ranar abin yake cina. Zare ne, ku yi haƙuri da tsayinsa.

2/ Tukuna, ga masu tambayar sunanta: 'yan ƙasar suna ce mata grouse. Idan ka san fakara, to ka kusa saninta, sai dai wannan ta fi ja, kamar ƙasar tukwane. Ƙafafunta gashi ne har yatsu saboda sanyi. Namijin yana da ɗan jan zanko a saman kowane ido.

3/ A tsaunukan Sikotland da arewacin Ingila take zama, cikin wani gajeren tsiro da ake kira heda. Shi ne abincinta, shi ne maɓoyarta, a cikinsa take ƙwai. A watan Agusta yakan yi fure, tudu gaba ɗaya ya koma shunayya. Zuwa Oktoba furen ya bushe, wuri ya koma ruwan ƙasa.

4/ Ni kam na fi son Oktoban. Lokacin ne mazan ke rabon fili, kowane ya hau kan dutse yana kurari kada wani ya shigo masa. Namijin da ke cikin zafin kai ba ya saurin tashi, shi ya sa mai kyamara ke samun yadda yake so.

5/ A bakin tafkin Lochindorb na ɗauka. Na yi asuba, na kama hanya, na ajiye mota a gefen siririyar kwalta, na sauke gilashi, na ɗora kyamara a kan tagar. Ba a fita. Sun saba da mota, amma da zarar sun ga mutum a tsaye, fir, sai ka ji kukansu can gaba.

6/ Kusan awa biyu ina zaune, yatsuna sun daina ji. Can hazo ya ɗaga, rana ta bugo ta gefe, wani namiji ya hau dutse ya miƙe wuya. Wallahi sai da na manta da numfashi. Na danna, na samu.

7/ To ga abin da ba ku gani ba. Taku kaɗan daga dutsen nan akwai wani baƙin fili da aka ƙone. A bayansa kuma ga jerin 'yan maɓoya na duwatsu, iya ƙirjin mutum, an gina su a layi. Na juya kyamara kaɗan, na zuƙo, duk suka fita daga hoton.

8/ Maɓoyan nan na maharba ne. Kowace shekara ranar 12 ga Agusta ake buɗe harbin tsuntsuwar, a rufe 10 ga Disamba. Ana ɗauko mutane su jeru da tutoci suna koro tsuntsayen, masu kuɗi na laɓe da bindigogi suna jira. Kuɗi ake biya, ba kaɗan ba.

9/ Ƙunar kuma da gangan ce. Tsohon heda ya yi tauri, tsuntsuwar ta fi son sabon toho. Sai a riƙa ƙona shi yanki-yanki, nan sabo na ci, can tsoho na ɓuya. Daga nesa tudun kamar riga mai faci. A gida idan yara suka cinna wa daji wuta don gafiya faɗa muke yi, nan kuwa da doka da ƙa'ida ake yi.

10/ Ba a nan ya tsaya ba. Akwai ma'aikata da aikinsu ke nan: kashe dila da hankaka, ɗana tarko. Har 'yan tire ake ajiyewa da tsakuwar da tsuntsuwar ke haɗiya don niƙa abinci a ƙundu, an gauraya ta da maganin tsutsar ciki. Tsuntsuwar daji ana ba ta magani, ku ji fa.

11/ A yi adalci, ita ɗin ta daji ce. Ba a kiwonta a keji a sako, a nan aka ƙyanƙyashe ta. Amma filin da take kai, gona ce. Gonar tsuntsaye, da mai ita, da lokacin girbi. Ni kuma na nuna muku ita kamar ba kowa a wajen sai Allah da iska.

12/ Na faɗa wa wani abokina da muke fita ɗaukar hoto tare, ya yi dariya. Ya ce malam, ai kowane hoto yanka ne, ko hoton biki ka ɗauka ba ka sa kwandon shara a ciki. Kai ba ɗan jarida ba ne, kyau ka je nema.

13/ Maganarsa da ƙamshin gaskiya, na yarda. Amma kwandon shara bai canja ma'anar biki. Wannan kuwa ya canja. Mutum ya rubuto min yana cewa haka ƙasa take idan an ƙyale ta, ina kallo na danna masa alamar so na wuce. A nan ne na ga na shiga layin maƙaryata ba tare da na buɗe baki ba.

14/ Kuma ba ƙaramar rigima ba ce a ƙasar. Akwai wani shaho da ke cin 'ya'yan tsuntsuwar, doka ta hana kashe shi tun 1954, amma an daɗe ana tsintar irinsa a mace, ko su ɓace, a kusa da filayen harbin. Har ta kai a Maris 2024 majalisar Sikotland ta ce sai da lasisi za a yi harbin, kuma ana iya ƙwace shi.

15/ Ga kuma batun ƙasar da ke ƙarƙashin hedan: baƙa ce, jiƙaƙƙiya, ruɓaɓɓen tsiro na dubban shekaru da ke riƙe ruwa. Masu adawa na cewa wuta na lalata ta. Masu filayen na cewa ƙuna kaɗan-kaɗan ita ke hana babbar gobara.

16/ Kada wani ya ce na zo zagin masu aikin. Na taɓa tsayawa da ɗaya a bakin hanya, mutumin kirki, shi ya nuna min inda zan tsaya. A ƙauyukan can aiki ba yawa, wannan ne abincinsu. Kuma wasu tsuntsaye masu ƙwai a ƙasa sun fi tsira a inda ake rage dila. Wannan ma gaskiya ne.

17/ Ni ba alƙalinsu ba ne, baƙo ne da kyamara. Abin da nake cewa namu ne, mu masu ɗaukar hoto. Idan ka san abin da ke gefen hotonka zai sa mai kallo ya canja fahimta, to ka nuna, ko ka rubuta layi ɗaya a ƙasa. Layi ɗaya bai rage wa hoto kyau.

18/ Tunda ana maganar, masu kunna kukan tsuntsuwar a waya don namiji ya taso da faɗa su samu hoto, don Allah ku bari. Ƙarfin da zai shiga hunturu da shi kuke ƙona masa saboda a ce kun iya.

19/ Ga hoto na biyu nan a ƙasa, daga tagar motar guda, minti ɗaya tsakani, ban zuƙo ba. Tsuntsun ya zama ɗan ɗigo a tsakiya. Baƙin filin yana hagu, maɓoyan suna sama, ku ƙirga, guda shida ne suka fito.