Ɗiyar Talaka a Ƙofar Fada

Haizuran, mahaifiyar Haruna Rashid, baiwa ce daga Yaman. Halifa Mahdi ya 'yanta ta, ya aure ta a shekara ta 159 bayan Hijira, har manyan Bagadaza suka riƙa cincirindo a ƙofarta suna neman alfarma. Amma da ɗanta Hadi ya gaji mulki, sai ya hana kowa zuwa wurinta, ƙofar ta koma shiru.

A Kano ma, Shekara ta shiga gidan Sarki Ibrahim Dabo a matsayin sa-ɗaka, ta haifi Usman da Abdullahi Maje Karofi, waɗanda suka yi sarauta bi da bi tun daga 1846. Sauran kuyangin da suka tsufa a gidan, wa ya san sunansu?

Darajar da aure ya kawo aro ce, kayan aro kuwa ba ya ado. Iyaye a Ɗan Isa da Shinkafi da Zurmi, masu cire ɗiya daga aji don wani mai rawani ya nuna yana so, su tuna cewa a yau sunan Shekara yana jikin makarantar 'yan mata ne a Kano. Abin da yarinya ta koya a aji, babu kishiya ko saki da zai ƙwace mata shi.