Ba Sunan Kwas Ke Yin Likita Ba

'Yan'uwana ɗalibai, da yawa daga cikin masu burin karatun likita a Amurka suna zaton lalle sai sun rubuta Bayoloji a takardar neman shiga jami'a. A ganina wannan kuskure ne.

A nan gida JAMB ke kai mutum kwas ɗin likita kai tsaye. A can kuwa sai ya gama digirin farko na shekara 4, sa'an nan ya nemi makarantar likita. Makarantun nan ba su ƙayyade fannin digiri ba. Abin da suke dubawa shi ne makinsa a darussan Bayoloji, Kimistiri da Fiziks, da jarrabawar MCAT, wadda tun 2015 ta ƙunshi ilmin halayyar ɗan Adam da na zaman jama'a. Mai digirin Tarihi ma yakan samu shiga.

Bugu da ƙari, a jami'o'in da ke tantance masu nema fanni-fanni, inda aka yi cunkoso nan gasa ta fi zafi. Wanda ya kutsa can don neman suna yana iya rasa gurbin ɗungum.

Saboda haka, ɗan'uwa, zaɓi fannin da za ka ci da kyau, ka haɗa da darussan kimiyyar nan.