Ga masu ɗora silallan jama'a a kan sikeli

 

Ƙara uku aka kawo zauren maigida a ɗan tsakanin nan, mu muka shigar da su littafi. Ta farko daga wata mai ƙosai ce 'yar Dendi, wadda ta ce wani saurayi Bahaushe yana zuwa mata kullum da takardar jika yana neman silalla, amma jajaye kaɗai yake tsinta, har ya ɗora mata riba. Ta biyu daga wani malamin allo, wanda ya lura cewa sadakar da almajiransa suke samu ana tare su a hanya a saye ta. Ta uku rigima ce tsakanin mai shayi da wani direba a kan canjin dala biyar, har sai da aka shiga tsakani. Da aka bi sawu, duka ukun ɗaki ɗaya suka nufa: buhuna cike da tsofaffin silallan sefa, an ware su iri-iri, ana jiran mai awo ya zo ya kwashe a kai wa masu narkarwa.

Ga lissafin da ya ruɗe su, don kada a ce mun yi magana a kan abin da ba mu fahimta ba. Tsofaffin silallan dala ɗaya da dala biyu da dala biyar, wato sefa 5 da 10 da 25, mafi yawan jikinsu jan ƙarfe ne. Sefa 10 nauyinta giram 4, saboda haka guda 250 ne suke cika kilo, kuɗinsu a kasuwa sefa 2,500. Duk ranar da mai sayen ƙarfe ya biya fiye da haka a kilo, to silallar ta fi tsada a matsayin tarkace bisa matsayinta na kuɗi. Lissafin daidai ne. Aikin ne ɓarna, kuma muna da hujja.

Wane ne yake ciniki da dala biyu da dala biyar? Dillalin shanu a kasuwar dabbobi ta Gene bandir-bandir yake ƙirga takardu, bai san an yi ƙarancin silalla ba. Mai gishirin ƙulli, da mai ruwan leda, da mai kashin tattasai, da yaron da aka aika sayen ashana, su ne rayuwarsu take tafiya a kan ƙananan kuɗi. Idan canji ya ɓace, abin sefa 15 ya koma 25, na 35 ya koma 50, ko a cusa wa mutum alewar da bai nema ba a madadin haƙƙinsa. Ribar da mai buhu ya samu daga aljihun waɗannan ta fito, ko da bai taɓa sa hannu a aljihunsu ba.

Sun ce: "Kuɗinmu ne, da guminmu muka same su, mu yi yadda muka so." Wannan magana tsohuwa ce ƙwarai. Irinta mutanen Annabi Shu'aibu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, suka faɗa masa, kamar yadda ya zo a Suratu Hud, kuma malaman tafsiri irin su Alƙurɗubi sun ambata cewa daga cikin abin da ya hana su har da gutsure dinari da dirhami. A cikin Muwaɗɗa, Imamu Malik ya ruwaito daga Sa'idu ɗan Musayyib cewa yanke kuɗin zinariya da azurfa yana cikin ɓarna a bayan ƙasa. Imamu Gazali kuwa, a cikin Ihya'u, ya kwatanta kuɗi da alƙalin da yake raba gardama tsakanin kaya da kaya, wanda ya ɓoye shi kamar ya kulle alƙalin gari ne a kurkuku. Za a ce ai su zinariya da azurfa suke nufi. To, dalilin hanin shi ne cutar da masu ciniki, kuma cutar ta fi tsanani a kuɗin talaka. Darajar silallar taka ce, ka kashe ta yadda ka ga dama a halal. Ita kanta silallar kuwa kamar gugar rijiyar unguwa take: ka ja ruwa, ka bar wa na baya.

Sun kuma ce: "Ai a Amurka ma ana yi." Gaskiya ne, amma a cika labarin. Kwabon Amurka da aka buga kafin 1982 kashi 95 cikin ɗari jan ƙarfe ne, daga baya aka mai da shi tutiya mai rufin jan ƙarfe. Akwai masu zama suna tsince tsofaffin suna tarawa. Sai dai tun 2006 hukumar buga kuɗin ƙasar ta haramta narkar da su, da tarar da za ta iya kai dala 10,000 ta Amurka, ko ɗaurin da zai iya kai shekara biyar. Sannan can mutum zai yi sati bai taɓa kwabo ba, da kati yake biyan komai. Mai ƙosanmu ba ta da kati.

Ba sai mun je nesa ba ma. Mu da muke shiga Kamba da Birnin Kebbi mun ga ƙarshen wannan hanya. Iyayenmu sun yi ciniki da anini da ɗari da kwabo mai huji, da taro da sisi da sule. A 1973 aka kawo naira da kwabo. A 2007 Babban Bankin Nijeriya ya sake fito da silallan kwabo 50 da naira ɗaya da naira biyu, amma ba su zauna a kasuwa ba. Faɗuwar darajar naira ce babbar musabbabi, ba mu musa ba, amma sakamakon shi ne abin dubawa: yau babu abin da ake saye da silalla a can, kuma duk ƙarin farashi tsalle yake yi daga takarda zuwa takarda. A Kamaru da maƙwabtanta an yi shekaru ana kukan ƙarancin canji, ana zargin masu kwashe silalla zuwa ƙetare, har bankinsu na BEAC ya fito da sababbi a Afrilun 2025. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Akwai hujjarsu guda da take da ƙamshin gaskiya. Sun ce hukuma ce ta fara cin amanar kuɗi, tun da a Janairun 1994 aka wayi gari an zabge rabin darajar sefa ba tare da an shawarci kowa ba. Mun shaida wannan, mun ji zafinsa. Haka kuma muna roƙon bankin BCEAO, wanda yake da reshe a Parakou, ya riƙa tunawa da kasuwannin arewa wajen rabon silalla. Amma wanda aka zalunta daga sama, ya juya ya rama a kan mai kunu, bai rama komai ba. Ya dai ƙara yawan azzalumai da mutum ɗaya.

Saura maganar da ta fi ci mana rai. A nan mu 'yan tsiraru ne a tsakanin Dendawa da Fulani da sauran maƙwabta. Kakanninmu fatake sun samu wurin zama a wannan hanya saboda an yarda da awonsu da ƙirgarsu. Har yau idan aka ce ɗan canji ko mai sayen tsohon ƙarfe, Bahaushe ake kallo. Tun da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, ciniki ya yi wuya, zukata sun ƙuntata, kowa neman wanda zai ɗora wa laifi yake yi. Mai ƙosan nan da ta zo zaure ba ta kama sunan yaron ba. Cewa ta yi: "Hausawanku sun kwashe mana canji." Wake ɗaya shi ke ɓata gari, kuma ranar da maganar ta bar zaure ta shiga kasuwa, babu mai tsayawa tantance wanda ya yi da wanda bai yi ba.

Don haka ga abin da muke nema. Wanda yake da buhu a ɗaki ya fito da shi ranar kasuwa, ya canzar wa masu ƙananan sana'o'i a kan ainihin darajarsa, babu mai tuhumarsa da abin da ya wuce. 'Yan canji su daina karɓar riba a kan silalla. Maƙeranmu da masu sayen tarkace su ƙi duk kuɗin da ake ciniki da shi, ko nawa aka yi musu tayi. Limamanmu su taɓo batun a huɗuba. Iyaye mata kuma, asusun yara ba laifi ba ne, amma a riƙa fasa shi a kan kari a mai da silallan takarda. Wanda ya ji wannan kira ya ci gaba, kada ya zo zaure neman a tsaya masa ranar da hukuma ko 'yan gari suka kama shi. Maigida ya faɗa, mu kuma mun rubuta.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin raunana, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Amin.