A Raba Tifa Da Mai Kura A Bakin Bola

Jama'a, yau maganarmu a kan bolar garin nan take, inda ake kai shara. Duk wanda ya je wurin da hantsi ya san abin da muke nufi. Ƙofa ɗaya ce tak. Ta nan tifa mai taya goma take shiga, ta nan a-kori-kura, ta nan mai kura da mai baro, ga kuma yara 'yan bola jari suna tono a gindin tsibi. Tifa kuwa sai ta ja da baya take juye kaya, direba kuma ba ya ganin abin da ke bayan bodinsa ko madubinsa lafiya lau ne. Da damina, in ta ɗaga bodi a ƙasa mai laushi, tana iya kifewa. Wa za ta danne? Ba dai ɗan mai mulki ba.

To, aikin wa ne? Tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kwashe shara a wuyan ƙaramar hukuma, ya kuma ba ta ikon yanka wa kura da baro da amalanke lasin. A 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Watau ga iko, ga hukunci. Wanda ke da ikon karɓar kuɗin mai kura, lalle shi ke da alhakin ransa.

Mun san maganin masu mulki: in hatsari ya auku, a kori talaka. Ba mu yarda ba. Tifa ba ta shiga lungu. In an hana mai kura, shara kwata za ta koma, ruwa ya ci gidaje.

Abin da muke nema ba ya bukatar kwangila. A buɗe ƙofa ta biyu, ta shiga dabam, ta fita dabam. A keɓe wa masu kura da baro gefensu. A sa wa manyan motoci lokaci, a kuma ƙayyade girman motar da filin zai ɗauka, wadda ta wuce haka ta tsaya waje. Sa'an nan a ajiye ma'aikaci da jan ƙyalle, kada tifa ta ja da baya sai ya kawar da yara ya ba direba hannu.

Talakawa, kowa ya tambayi kansilansa yaushe za a yi wannan. Amsar da ya bayar, mu riƙe ta har ranar zaɓe.