Kada Mu Jingine Keke Saboda Babur

A Turai da Amurka, mutane kan sayi keke mai tsada don kawai su bar kwalta su bi burji mai tsakuwa, su hau tudu su gangara, wai neman lafiya. Manomin Kutemeshi a ƙasar Birnin Gwari ya daɗe yana yin haka, har da buhun masara a bayansa.

To amma da babur ya yawaita, sai keke ya zama na yara da marasa hali. A ganina wannan asara ce. Hawan jini da ciwon sukari sun daina zama cutar 'yan birni kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Rabin awa a kan keke, kwana biyar, ya biya ke nan. Hawan tudu na sa zuciya aiki sosai, kuma keke ba ya wahalar da gwiwa kamar gudu.

Sai dai fa a yi hattara. Mutanen Kutemeshi ba su manta harin 'yan bindiga na 2021 ba, kuma ko bayan sulhun 2024, kada kowa ya kutsa daji da sunan motsa jiki. A tsaya kan hanyar gona da aka sani, da hantsi, tare da jama'a. A duba birki kafin gangara. Mai shan maganin sukari ya riƙe dabino a aljihu. Wanda ya ji ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi, ya sauka nan take, a kawo shi asibiti.