Fim mai dogon zango: Me ya sa mai kallo ke son labarin da ke da ƙarshe?

A shagunan masu tura fina-finai a waya da ke kewayen Ƙofar Dawanau, kamar sauran unguwannin Kano, akwai tambayar da mai saye kan yi kafin ya miƙa wayarsa: fim ɗin ya ƙare, ko har yanzu ana kan yi? Wanda ya wuni yana dako ko awo a kasuwar hatsi ta Dawanau, ya dawo da 'yan canjinsa, so yake a tura masa abin da zai kalla har ya ga yadda ta kaya.

A da Kannywood ba ta san wannan matsala ba. Zamanin kaset da faifan CD, lokacin da kasuwar Ƙofar Wambai ke juya harkar, fim na ɗaya da na biyu ne, in ya yi tsawo a kai na huɗu, a rufe. Da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai, sai aka koma talabijin da YouTube. Arewa24 ta share hanya da Daɗin Kowa, Kwana Casa'in ya biyo baya a 2019, sannan Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka karɓe gari a 2020, shekarar kullen korona.

Ribar wannan sabuwar kasuwa kuwa a tsawo take. Kowane mako aka saki sabon kashi, talla ta shigo. Ranar da labari ya ƙare, famfo ya ƙafe. Shi ya sa rikicin da dattijo ɗaya zai sasanta a zama guda sai ya ci wata uku ana jan sa.

Labarina ya nuna illar hakan ƙarara. Nuhu Abdullahi ya fita, aka kashe Mahmud. Nafisa Abdullahi ta fita, Fati Washa ta gaji matsayin Sumayya, masu kallon da suka shaƙu da fuska ɗaya aka ce su saba da wata. Daga baya Saira ya ɗauko sabon labari ƙarƙashin tsohon suna, da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara. Dabara ce mai kyau: sunan yana riƙe masu kallo, shi kuma labari yana samun damar ƙarewa.

Abubuwa biyu sun ƙara wa gajeren zango daraja a 2025. A Janairu hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data, don haka kashin da bai motsa labari ba asara ce a aljihu. A Mayu kuma Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta dakatar da fina-finai 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan sakin su ba tare da tacewa ba. Fim ɗin da aka kammala ɗaukarsa sau ɗaya za a kai shi hukuma. Wanda ake ɗauka ana saki kullum ƙafarsa ɗaya na ofishin.

Inda gizo ke saƙar shi ne jari. Adolescence da Netflix ta saki a 2025 kashi huɗu ne kacal, amma an biya kuɗin aikin tun kafin kowa ya kalla. Furodusa a Kano galibi da abin da kashin wannan mako ya kawo yake biyan 'yan wasan mako mai zuwa.