A saka maganar kunne cikin bitar matafiya

Duk shekara mutanen Kakuri, Makera da Nasarawa kan tsallaka gadar kogin Kaduna su nufi sansanin alhazai na Mando, wasu kuma daga Barnawa, Narayi da Sabon Tasha su ɗaura niyyar ziyarar Urushalima. Da yawansu wannan ne hawansu jirgin sama na farko. Ana koya musu ibada, ana ja musu kunne kan fasfo da guzuri, amma da wuya a faɗa musu abin da zai sami kunnen nasu.

Ya kamata a faɗa. Idan jirgi ya lula, iskar cikinsa takan yi sauƙi kamar ta kan dutse mai tsawon mita 1,800 zuwa 2,400. Da ya fara yin ƙasa, iskar sai ta ƙara nauyi ta danne dodon kunne. Wata 'yar siririyar hanya ce daga cikin kunne zuwa bayan hanci ke daidaita lamarin, kuma ba ta cika buɗewa ba sai an haɗiye yawu ko an yi hamma. Shi ya sa za ka ga dattijuwa ta dafe kunnuwa, idanu sun kawo ruwa, tana zaton hawan jini ne ya taso mata, ga jariri yana tsala ihu a gefe.

Maganin bai kai kuɗin Keke Napep ba: cingam, alewa, ko kurɓar ruwa kaɗan-kaɗan. Goro kam a bar shi gida, hukumar alhazai ta sha yin gargaɗi a kansa. Kada saukar ta riski mutum yana barci. In kunnen ya toshe, ya matse hanci, ya rufe baki, ya hura a hankali, ba da ƙarfi ba. Jariri a ba shi nono.

Mai mura ya fi kowa shan wuya, domin kumburi kan toshe hanyar nan. Ya ga likita kafin tafiya, musamman mai hawan jini, don wasu magungunan buɗe hanci na ƙara shi.

Abin takaicin shi ne, tun 1999 Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa take nan Kaduna, amma da wuya a faɗa wa matafiya wannan. Hukumomin jin daɗin alhazai da na masu ziyara na Kirista su gayyato likitocinta wuraren bita. Wanda ya dawo kunnensa na toshe kwana da kwanaki, ko yana zubar da ruwa, a nuna masa hanyar cibiyar, kada ya ɗiga mai ko ya zura tsinke.